Motar Kofur da Goben Tela

"Gobe," in ji Tela. Bai ko ɗaga kai daga kan keken ɗinkinsa ba.

Ina tsaye a bakin rumfarsa, hannuwana duk fenti, na ce, "Jiya ma haka ka ce."

"To ka ga ban canza ba ke nan. Ni mutum ne mai magana ɗaya."

Na tsufa ina kallon munanan halaye iri-iri, amma ban ga wanda ke cin mai shi a ɓoye kamar wannan hali na gobe-gobe ba. Marowaci ya san ya hana. Maƙaryaci ya san ya shara. Shi kuwa mai gobe gani yake bai yi wa kowa komai ba. Labarin da zan ba ku na maƙwabcina ne, Kofur, da tsohuwar motarsa, da irin asarar da Tela ya jawo wa kansa da bakinsa.

Ni kafinta ne, katanga ɗaya ta raba gidana da na Kofur. Shi tsohon direban soja ne, kuma bai taɓa cika mu da labarin jarumta ba. Cewa yake, "Ni ruwa na ɗauka, da buhuna, da sojojin da ƙafa ta gaza. Bindigata ma a bayan kujera take kwana." Da ya ajiye aiki aka yi gwanjon tsofaffin motocin bariki, sai ya saye wadda ya daɗe yana tuƙawa. Gingimari ce mai dogon hanci da manyan tayoyi. Ya shigo da ita tsakar gidansa ta wani faffaɗan giɓi da ke jikin katanga, ya kashe ta a gindin mangwaro, ya ce wata mai zuwa zai gyara ta. A lokacin autarsa tana goye. Yanzu Auta ita ke tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfani, motar kuwa ba ta ƙara motsi ba.

Tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa. Katakon bodi ya ruɓe. Kajin matarsa, wadda duk layi ke kira Innar Auta, suka mai da gidan gaban motar wurin ƙwai. Giɓin katangar ma ya toshe, domin da aka tashi su Tela daga bakin kasuwa, Kofur ne ya ce masa, "Zo ka kafa rumfarka nan, ka zame mini ƙofa." Ni na buga rumfar da hannuna, dirka huɗu da katako da kwano. Tun daga nan kullum suna tare, Kofur a benci, Tela a kan keke, suna tsokanar juna kamar ba su da furfura.

Ana nan ciwo ya kama Kofur. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta. Bayan ya sha kwanciya a asibiti, likita ya ce a mai da shi gida ya huta. Duk mun san ma'anar wannan hutu. Muna shiga gida da shi, ni da Auta muna riƙe da shi, sai ya ja ya tsaya a tsakar gida yana kallon motar.

"Kafinta," ya ce, "zan tuƙa ta."

"Ka shiga ɗaki tukuna."

"Zan fitar da ita titi da hannuna, in zaga layin nan, in dawo. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Na buɗe baki zan kawo masa karin magana, don an san ni da su. Ya ɗaga hannu. "Kar ka fara. Daga yau babu karin magana a gidan nan sai an gama aiki. Je ka kawo samfefa a fara goge tsatsa."

Innar Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wannan akurkin ƙarfen? Baban Auta, to kajina fa? Akwai mai kwanci a ƙarƙashin sitiyari."

"A ba ta hutun ritaya ita ma."

"Ba inda za su sai an yi musu gida. Kuma in dai za a tashe su, ni zan zaɓi kalar fenti."

Aka shirya a haka. Na buga wa kaji akurki a bayan kicin. Aka raba aiki: ni katakon bodi, Makaniken bakin layi injin, Auta da ƙawayen aikinta kankarar tsatsa in sun tashi. Tela kuwa abu biyu aka ɗora masa: ya ɗinka rigar kujerar gaba, wadda ɓeraye suka cinye har waya ta fito, sannan in lokaci ya yi ya kwashe rumfarsa mota ta sami hanya. Ladansa, shi zai zauna a gefen taga ranar fita. Ya zo da tef a wuya ya auna kujera, ya ce, "Wannan ai aikin yini ɗaya ne. Gobe."

Aka sa wa Kofur kujerar roba a inuwar mangwaro, da buta da sanda. Daga nan yake ba da umarni kamar yana fareti. Bai yarda a shafa sabon fenti a kan tsoho ba. "Sai kun ga ƙarfe yana ƙyalli. Tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa, barci take."

"Wannan ba karin magana ba ce?" na ce.

"Wannan umarni ne."

Da muka fara kankara sai motar ta riƙa tuɓe riga bayan riga. A ƙarƙashin koren soja akwai ruwan ƙasa. Kofur ya ce wannan na lokacin da suke aiki a inda babu itace ko ɗaya, har lagireto ya tafasa suka dafa shayi da ruwansa. Auta ta ce, "Baba, ku ji tsoron Allah." Ya ce shayin bai yi daɗi ba, amma an sha. A ƙarƙashin wannan kuma sai ga fari, na shekarar da aka mai da ita motar ɗaukar marasa lafiya. Nan bai ba da labari ba. Ya sa aka kai shi kusa, ya shafa farin da tafin hannu, ya ce, "Kankare."

Layi duka ya shigo cikin aikin. Mai shayi ya dawo da teburinsa ƙofar gidan. Mai faci ya kawo tayoyi na hannu masu sauran rai. Mai walda ya toshe ramin ƙasan ƙofa bai ce a ba shi komai ba. Aka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, motar ta koma kamar an fiɗe ta. Sannan Innar Auta ta je kasuwa ta dawo da galan-galan na shuɗi mai haske, irin na ƙofar kicin ɗinta.

Makanike ya riƙe baki. "Inna, motar soja ce fa. Shuɗi?"

Duk muka juya muna kallon Kofur. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ta yi daidai. Wanda ya ajiye aiki ba ya yawo da kaki. Ku shafa mata kayan gida."

Kuma da burushi ya ce a shafa, ba da injin feshi ba, a ja hannu gefe ɗaya daga sama zuwa ƙasa yadda suke yi a bariki. Wanda ya karkata hannu sai ya ji sanda a ƙwauri. Ni da na girme shi sai da na sha ɗaya. Ƙofar direba kuwa ya ce tasa ce. Aka ɗora kujerarsa a kan benci biyu, ya yi ta ja a hankali, yana hutawa, yana ja, har ya gama. Fenti ya shige masa ƙarƙashin farce, Innar Auta ta yi ta gogewa da kananzir bai fita ba.

Ranar da injin ya fara kamawa, Makanike ya aro batir, ya zuba fetur a kafireto, ya ce kowa ya matsa. Motar ta yi tari sau biyu, salansa ta feso baƙin hayaƙi da tsohuwar sheƙar ɓera, sannan ta ɗauka da wani irin ruri da ya sa kaji suka haye katanga. Mata suka yi ta shewa. Kofur ya rufe ido ya karkata kunne.

"Fulogi ɗaya yana munafunci," ya ce. Makanike ya duba ya canza shi, ruri ya daidaita.

Duk wannan abin da ake, rigar kujera ba ta zo ba, rumfa tana nan daram. Tela yakan leƙo, ya yi tsokana, ya koma. Yau zare ne bai dace ba, gobe allura ce ta karye. Shi ya sa na je na tsaya masa a kai ran nan, kamar yadda na faɗa muku da farko. Da ya ce mini shi mai magana ɗaya ne, sai na shiga cikin rumfar na ɗage tarin yadin da ke kan teburinsa. Ga rigar kujera a ƙasa, ruwan toka mai kauri, an yanka, an ɗinke gefe uku tsaf. Gefe ɗaya kawai ya rage.

"Wannan fa?"

Ya tsai da keke. Ya leƙa waje ya ga ba kowa, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Kafinta, kai ba ka da ido ne? Mutumin da aka kawo a riƙe, yanzu yana cin abinci, yana dukan mutane da sanda. Me ya tashe shi? Aikin nan. Ran da motar nan ta fita ta dawo, me zai sa ya tashi da safe? Ni ba zan ɗinka gefen nan ba. Muddin da saura, yana nan."

Na gane ƙauna ce, amma ƙauna ba ta mai da kuskure daidai.

"Kai ne mai riƙe da rai?" na ce. "Da allura za ka ɗaure shi? Ƙafarsa kullum ƙara hawa take. In ka ja har ya kasa riƙe sitiyari, me za ka ce masa?"

"Zai ji sauƙi. A bar shi ya ƙara ƙarfi."

"Ka kwashe rumfar nan."

"Gobe," ya ce, ya taka keke.

Ban kai wa Kofur maganar ba, amma shi ba yaro ba ne. Wata safiya na shiga na same shi ya sa aka yi masa aski, ya sa farar riga, sandarsa a kan cinya. Fuskarsa ta faɗa, amma idonsa tar.

"Yau ne," ya ce.

Auta ta ce, "Baba, kujera fa? Rumfar Baba Tela fa?"

"Ni na san gobe, 'yar nan. Na ci ta shekara da shekaru a gindin mangwaron nan, ga ta can ta cinye mini tayoyi. Kafinta, je ka kira mini shi."

Na fita na tarar da rumfa a kulle. Mai shayi ya ce tun da Tela ya ga wanzami ya shiga gidan Kofur sai ya sa wa rumfar kwaɗo, wai ya tafi cikin gari neman zare.

Na tsaya ina kallon rumfar. Ni na buga ta, na kuma san dirkokinta ba a binne suke ba, a kan duwatsu na ɗora su. Na ce da Mai shayi, "Tara mini maza." Na kawo dogayen katakai biyu muka zura ta ƙasa. Mai walda, Mai faci, Makanike, mahauci da 'yan ɗakinsa, har da liman da ya zo wucewa ya naɗe hannun riga. Na ce, "Ɗaya, biyu, ɗaga!" Rumfa ta tashi sama ɗungurungum da kwaɗonta, keken ɗinki na ƙara a ciki, muka tsallaka titi da ita muna tangaɗi, muka dire ta a wancan gefen kusa da turken lantarki. Mata suna bakin ƙofofi suna dariya har da riƙe ciki. Hasken rana ya faɗo cikin gidan Kofur ta giɓin da ya daɗe a rufe, ya sauka a kan hancin motar.

Aka shimfiɗa bargo a kan wayoyin kujera. Mu huɗu muka ɗaga Kofur muka zaunar da shi. Ya kama sitiyari, ya taka kuloci, ƙafa ta ƙi. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa.

Auta ta hau ta zauna a tsakiya ta matsa jikinsa, ta miƙa ƙafarta. "Baba, ku riƙe sitiyari da giya. Ni ce ƙafarku. In kun ce taka, in taka."

Ya dube ta ya ce, "An ɗauke ki aiki."

Saura gefen taga, wurin Tela. Kofur ya leƙo ya ce, "Innar Auta, zo ki hau."

"Ni? A akurki?"

"Ke kika zaɓi kala. Zo ki ga yadda take a titi."

Ta koma ɗaki ta sako sabon mayafi, aka kawo turmi ta taka ta hau. Ashe tun da aka sayi motar ba ta taɓa zama a cikinta ba, ƙwai kawai take miƙa hannu ta ɗauko.

Aka murɗa makulli, injin ya ƙi tashi. Makanike ya ce, "Turi!" Duk layi ya sa kafaɗa. Ta motsa da ƙyar, ta fita ta giɓin, madubi ya kusa shafar katanga, ta kama gangaren titi. Muka ji Kofur ya daka tsawa, "Saki!" Mota ta zabura, ta yi tari, ta ɗauka. Wayyo, ku zo ku ga tsofaffi da gudu! Muka riƙa ɗarewa baya, a kan katakon da na buga, wani na jan wani. Liman ya bar takalmi ɗaya a titi.

Muka zaga layi, shuɗin nan na ɗaukar ido. "Taka!" sai giya ta shiga. "Saki!" sai mu yi baya gaba ɗaya mu faɗa kan juna. Kofur yana danna oda, wata irin murya kamar ta tsohon jaki, mutane na fitowa daga shaguna suna ɗaga hannu. Innar Auta ta fito da gwiwar hannu ta taga tana gaishe da mutane kamar matar gwamna. Da muka zo kwana ya juya sitiyarin nan da hannu bibbiyu, ko kwata bai taɓa ba. Ta gilashin baya ina hango ƙeyarsa, a miƙe, kamar ba shi ne muka ɗaga ɗazu ba.

Da muka dawo bakin gida sai ga Tela tsaye a gaban rumfarsa a sabon wurinta, da ƙullin zare a hannu. Kofur ya ce, "Taka," ya ja birki, injin na ruri.

"Tela! Yaya ka ga sabon shago? Ban caje ka kuɗin dako ba!"

Tela bai yi dariya ba.

"Hau mu ƙara zagaye ɗaya. Ga wurinka nan."

Innar Auta har ta buɗe ƙofa za ta sauko. Muka yi ta kira daga baya, "Hau mana! Hau!" Na ga Tela ya ɗaga ƙafa kamar zai taho. Sai ya kalli fuskar Kofur, ya kalli bargon da ke kan kujera, ya kau da kai.

"Ba zan zauna a kan bargo ba, kamar kaya. Sai na gama rigar kujera. Gobe ma fita."

Kofur ya dube shi. Sannan ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu." Muka ƙara zagayen ba da shi ba, aka shigar da mota gindin mangwaro, Kofur ya kashe ta da hannunsa. Yinin nan gidan bai rabu da mutane ba. Ya sha shayi kofi biyu, ya ce da ni, "An gama aiki, Kafinta. Yanzu kana iya kawo karin maganarka." Na lalubi bakina ban sami ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi ya sa aka fito da shi kujerarsa ta roba, ya ce a juya ta ta fuskanci motar. Innar Auta ta shiga kicin ta haɗo masa shayi. Da ta fito ta same shi kai a jingine da mangwaro, hannuwa a kan cinya, shuɗin nan na nan a farcensa. Ta kira shi sau biyu, sannan ta ajiye kofin a hankali ta aiko a kira ni. Allah ya jiƙansa.

Ina tsaye a giɓin katanga sai ga Tela ya tsallako titi da sauri, rigar kujera a kafaɗa, zare na reto a gefen da ya gama yanzun nan. Tun daga nesa yake cewa, "Ina Kofur ɗin? A ce masa ya fito, ga goben ta zo!" Da ya ga fuskata sai ya tsaya.

Ga abin da gobe ta ci wa Tela, in lissafa muku. Ta ci masa inuwa, domin Auta na fita da motar duk ƙarshen mako, rumfarsa ba ta koma giɓin ba, tana can gindin turken lantarki rana na dukanta. Ta ci masa gefen taga, wurin da aka yi masa alkawari, aka kuma tsaya da injin a kunne aka roƙe shi ya hau. Ta ci masa kwanakin da ya yi yana ɓuya a bayan keke alhali abokinsa na dariya a tsallaken katako. Kuma duk layin nan kowa na da labarin ranar da Kofur ya tuƙa shi, har liman mai takalmi ɗaya. Tela kaɗai ne in an fara sai ya sunkuyar da kai.

Bayan an watse daga zaman makoki, na leƙa ta katanga da yamma na ga Tela a gidan gaban motar. Ya cire bargon ya ninke, ya sa wa kujera rigarta, yana ja yana gyara kusurwa, yana shafe ta da tafin hannu har ta kwanta lumui. Ta zauna cif, ko tattara babu. Ya zauna a gefen taga, ya bar ƙofa a buɗe. Can sai kazar nan mai kwanci ta taho, ta yi tsalle ta hau matakala, ta haye wurin direba, ta juya sau biyu a kan sabon yadin ta kwanta. Tela ya dube ta. Bai kore ta ba.